Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministar Kamun Kifi Ta Ghana: A Danƙa Wa Sarakunan Masunta Ikon Tsare Tekunsu

Mai girma Minista, tare da shugabannin Hukumar Kamun Kifi ta ƙasa,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri a gare ku da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinku, ina rubuto wannan wasiƙa ne a madadin fataken kifi na zangunan bakin teku, maza da mata, waɗanda suke sayen kifi a hannun matan Fante da Ga da Ewe a Elmina da Cape Coast da Sekondi da Chorkor da Keta, su ɗaure shi cikin kwanduna, su loda shi a mota zuwa Kumasi da Techiman da Tamale da Bolgatanga da Bawku. Mu ba masunta ba ne, kuma akasarinmu ko iyo ba mu iya ba. Amma abincin gidajenmu daga teku yake fitowa kamar yadda na masunta yake fitowa, kuma duk ranar da kwale-kwale ya dawo da raga wayam, mu ma a ranar tukunyarmu take sanin abin da ya faru. Na zaɓi in rubuta da Hausa ne domin mutanen da nake magana da yawunsu su karanta da idonsu abin da aka faɗa a madadinsu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sabuwar dokar kamun kifi da Majalisa ta zartar, Shugaban Ƙasa John Dramani Mahama ya sanya mata hannu a watan Agustan 2025, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 2002. Wannan doka ta faɗaɗa yankin da aka keɓe wa masu kwale-kwale daga mil 6 na ruwa zuwa mil 12, wato kimanin kilomita 22 daga gaɓa, inda manyan jiragen jan raga ba su da izinin shiga. Mun yi murna, kuma yabon gwani ya zama dole: an daɗe ana roƙon wannan, ku ne kuka cika shi. Sai dai ya kamata a tuna cewa waɗanda suka yi shekaru suna wannan roƙo su ne sarakunan masunta da shugabannin mata masu banda da Majalisar Masuntan Kwale-kwale ta Ƙasa, da ƙungiyoyi masu zaman kansu irin su Hen Mpoano da CEWEFIA da suka tsaya tare da su. Damuwarmu ita ce waɗannan mutanen da suka jawo dokar har yanzu hannunsu a ɗaure yake wajen tsare ta. An shata iyaka a cikin ruwa, amma wanda yake ganin iyakar da idonsa kullum ba shi da ikon da zai tsayar da mai ƙetare ta.

Bari in fara da abin da muka gani da idonmu a kasuwa, domin daga nan ne maganarmu take samun tushe. Lokacin da nake yaro, mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, takan tafi da ni bakin ruwa a watan Agusta, lokacin da ruwan sanyi yake tasowa daga ƙarƙashin teku ya kawo amane, wato ƙaramin kifin sadin da masu kwale-kwale suka fi dogaro da shi. A wancan zamani matsalar ita ce itacen banda da wurin shanya, domin kifin ya fi ƙarfin murhu. Wata dattijuwa Bafante, wadda ita ce shugabar mata masu saye a wannan mashigi, takan ba mahaifiyata kwanduna bashi ba tare da rubutu ba, sai ta dawo daga Techiman ta biya. A yau ni nake wannan sana'a, kuma akwai watan Agustan da nakan yi mako ina jira ban cika mota ɗaya ba. Ƙididdigar da aka wallafa ta yi daidai da abin da muke gani: kamun amane ya faɗi da kimanin kashi 80 cikin 100 tsakanin 1996 da 2016. A ƙasar da kifi yake ba da kusan kashi 60 cikin 100 na naman da jama'a suke ci, wannan magana ce ta tuwon dare. Mai sayar da waakye a Nima tana rage kifin da take zubawa cikin shito, kuma uwar gida a Bawku, wadda ba ta taɓa ganin teku ba, tana sayen rabin abin da take saya a da da kuɗin da ya ninka.

Kokenmu na farko, kuma mafi girma, shi ne yadda aka bar sarakunan masunta da suna ba tare da iko ba. A kowane mashigi na ƙasar nan akwai sarkin masunta, wanda Fante suke kira Apofohene, kuma akwai shugabar mata masu kifi, Konkohemaa, wadda take yanke farashi da safe tare da masu kwale-kwale, take sasanta rigimar bashi, take sanin wace ce ta sayi kifin wane. Tun kafin a kafa ma'aikata waɗannan mutane suke tsare ruwa. Su ne suka hana fita su ranar Talata a mafi yawan garuruwan gaɓa, kuma hanin ya zauna ba tare da ɗan sanda ko ɗaya ba. A Elmina ana rufe tafkin Benya na wasu makonni kafin bikin Bakatue, wanda ake yi a Talatar farko ta watan Yuli, sai an yi bikin sannan a jefa raga. Mu Musulmi ne, ba ma shiga abin da ya shafi tsafin bikin, amma kowane mai hankali ya san cewa wannan hutu yana ba kifi damar hayayyafa, kuma ya san cewa jama'a suna bin sa ne saboda daga bakin shugabanninsu ya fito.

To amma idan aka zo kan laifuffukan da suke cinye tekun a yau, wato kamun kifi da fitila da janareta, da nakiya, da kabayid da sauran guba, da ragar roba mai ƙananan idanu wadda take kwashe har 'ya'yan kifi, sai ka tarar sarkin masunta ba shi da abin yi sai baki. Dokokin 2010 sun haramta waɗannan abubuwa ƙarara, amma kamawa da gurfanarwa suna hannun jami'an da suke nesa da mashigi. Na taɓa zama a wani bakin ruwa, ba zan faɗi sunansa ba, inda sarkin masunta da dattawansa suka ƙwace janareta da fitilu daga wani kwale-kwale da asuba, a gaban idon kowa, suka miƙa kayan inda ya kamata. Kafin la'asar an dawo wa mai kayan da kayansa, domin wani babba ya buga waya. Washegari wannan mutum ya ratsa ta gaban sarkin ɗauke da janaretansa a ka yana fito. Dattijon bai ce masa uffan ba, kuma daga wannan rana ban sake jin ya ƙwace kayan kowa ba. Abin da ya biyo baya shi ne abin da kowa zai zata: waɗanda suka daɗe suna ƙin fitila saboda kunyar sarki suka ga ba su da dalilin zama da yunwa, su ma suka sayi tasu. Ɓarnar da wayar nan guda ɗaya ta yi ta fi ta janaretan, domin ta koya wa gari guda cewa maganar shugabansu ba ta da nauyi.

Mu fatake mun san ƙarshen wannan kifi fiye da kowa. Kifin da aka kama da guba ko nakiya yana yin laushi, yana farfashewa a kan murhu, kuma ba ya jure tafiya. Kafin motar ta kai Tamale rabin kwandon ya zama gari, mai banda ta yi asara, falke ya yi asara, wanda ya ci kuma Allah kaɗai Ya san abin da ya zuba wa cikinsa. Matan da suke banda suna gane irin wannan kifi da hannu tun kafin su ɗora shi a wuta, kuma a wurare da dama sun yi yunƙurin ƙin sayensa. Amma mace ɗaya ba za ta ƙi saye ba alhali maƙwabciyarta tana saye, kuma kuɗin da ta ba mai kwale-kwale na mai yana kansa.

Koke na biyu shi ne na manyan jiragen jan raga da cinikin da ake kira saiko. Mai girma Minista, kun fi mu sanin tarihinsa. Jiragen da aka ba lasisin kama kifin ƙasan teku suka koma farautar ƙananan kifin sama, wanda shi ne rabon masu kwale-kwale, suna daskarar da shi kamar bulo, suna sauke wa wasu kwale-kwale na musamman a tsakiyar ruwa, a kawo shi Elmina da Apam da Axim a sayar wa mutanen da aka ƙwace shi daga bakinsu. Binciken da ƙungiyar kare muhalli ta EJF da Hen Mpoano suka fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2017 kaɗai an sauke kimanin tan 100,000 ta wannan hanya, wanda kuɗinsa a bakin ruwa ya haura dala miliyan 50. Wani binciken na EJF ya nuna cewa kusan kashi 90 cikin 100 na waɗannan jirage suna da alaƙa da masu jari daga ƙasar Sin, ko da yake tutar Ghana suke ɗauke da ita, kuma sunayen 'yan Ghana ne a takardunsu. Tarayyar Turai ta ba ƙasarmu katin gargaɗi kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba a 2013, ta janye shi a 2015, ta sake ba mu a watan Yunin 2021.

A nan dole in faɗi gaskiya ko da a kanmu ne. Mu ma mun sayi saiko. A shekarun da amane ya yi wuya, bulon kifin nan shi ne mai araha, kuma da yawa daga cikinmu mun ɗauke shi mun kai arewa ba tare da tambayar daga ina ya fito ba, ko kuma mun sani muka kau da kai. Duk wanda ya buɗe bulon ya ga abin da ke ciki: kifi ƙanana da ba su kai tsawon yatsa ba, waɗanda ba su taɓa yin ƙwai ba. Mun ci irin shuka muna kukan gona ba ta yi ba. Ina faɗin wannan ne domin kada a ɗauka muna nuna wasu da yatsa muna wanke kanmu, kuma domin ku san cewa masu saye suna da rawar da za su taka idan aka kira su.

An samu sauƙin saiko a fili tun daga 2021, kuma muna yaba wa waɗanda suka yi wannan aiki. Amma masunta suna ci gaba da ba da labarin fitilun manyan jirage da suke gani da dare kusa da gaɓa, da ragar da aka tsinka musu, wadda kuɗinta ya fi abin da mutum zai tara a shekara. Iyakar mil 12 ba ta da katanga. Gaɓar Ghana ta kai kimanin kilomita 550, kuma babu rundunar ruwan da za ta iya zama a kowane taku nata dare da rana. Waɗanda suke can dare da rana su ne masuntan da ke cikin kwale-kwalen nan fiye da 11,000 da aka ƙidaya a 2016, kuma da yawansu suna da waya mai ɗaukar hoto. Abin da suka rasa shi ne tabbacin cewa hoton da suka ɗauka zai kai gaban alƙali, da tabbacin cewa wanda ya kai rahoto zai kwana lafiya. Ba a manta da Emmanuel Essien ba, mai sa ido na gwamnati da ya ɓace daga cikin wani jirgin jan raga a watan Yulin 2019. Idan wanda hukuma ta tura da kanta zai ɓace a bakin aikinsa, da wane ƙarfin zuciya za a ce wa matashi mai kwale-kwale ya ɗaga waya ya ɗauki lambar jirgi?

Koke na uku ya shafi lokacin rufe teku. An so farawa da masu kwale-kwale a 2018 aka fasa saboda ƙorafin cewa ba a ba su isasshen lokaci ba. An yi a 2019 daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuni, aka tsallake 2020, sannan daga 2021 zuwa 2024 aka riƙa rufewa a watan Yuli. A 2025 aka cire masu kwale-kwale daga ciki, aka bar manyan jirage da matsakaita, tare da umartar masunta su kiyaye ranakun hutunsu na gargajiya. Mun san dalilin da ya sa da yawa suka yi farin ciki da hakan. Wata guda ba tare da kamu ba yunwa ce tsantsa ga gidan da yake ci daga hannu zuwa baki, kuma shinkafa da man girkin da ake rabawa ba su taɓa isa ba, ballantana mu fatake da masu dako da masu sayar da itace da ba a lissafa mu a ciki. Amma ra'ayina shi ne matsalar ba ta rufewar ba ce, ta yadda ake yanke ta ce. Ana sanar da ita daga Accra, a janye ta daga Accra, ta zama abin alkawarin zaɓe, alhali sarakunan da suka sha zagi da tsinuwa wajen lallashin mutanensu su ajiye raga ba su san matsayinsu ba daga shekara zuwa shekara. Wanda ya tsaya a gaban jama'arsa bara ya ce rufewa wajibi ce domin 'ya'yanmu, bana kuma aka ce ba dole ba ne, da wace fuska zai sake tsayawa baɗi idan masana suka ce a koma?

Akwai misali a ƙofar Accra da ya isa a yi koyi da shi. Matan da suke tsintar ƙumbar ruwan gishiri a bakin kogin Densu, daga Tsokomey da Tetegu da Bortianor, sun ga abin da suke tsinta yana ƙanƙancewa yana raguwa. Suka haɗa ƙungiya da taimakon wata ƙungiya mai zaman kanta mai suna DAA, suka koyi auna gishirin ruwa da kansu, suka yi koyi da takwarorinsu na ƙasar Gambiya, kuma tun daga 2017 suka riƙa rufe wurin na tsawon wata biyar a kowace shekara, daga Nuwamba zuwa Afrilu. Suka dasa itatuwan gaɓa masu saiwa a cikin ruwa, suka mayar da ɓawon ƙumba cikin kogi domin ƙananan su samu abin maƙalewa. Wata biyar ne fa, ba wata ɗaya ba, kuma ba soja ne ya tilasta musu ba. Sun jure ne saboda su suka yanke, su suke tsaro, kuma an amince musu a rubuce cewa amfanin wurin nasu ne idan aka buɗe. Manufar gudanarwar haɗin gwiwa da gwamnati ta amince da ita a 2020 ta buɗe wannan ƙofa ga kowa. Abin da muke tambaya shi ne me ya sa har yanzu irin wannan tsari ya tsaya a 'yan wurare ƙalilan na bakin kogi, bai kai ga manyan mashigan teku ba.

Game da man firimis, wato man injin kwale-kwale da gwamnati take sayarwa da rangwame, ba zan tsawaita ba, domin kowa a bakin ruwa ya san labarinsa. Duk lokacin da mulki ya canja hannu sai kwamitocin mashigi su canja fuska, man ya yi ƙafa ya bi wata hanya, masunta su saye shi da tsada a hannun 'yan bumburutu. Abin da ya fi damunmu shi ne wanda yake kamu da fitila da wanda yake bin doka layi ɗaya suke bi, farashi ɗaya suke saye. Tallafin da ya kamata ya zama sandar sarkin masunta ya zama abin da ake raba kan mutanensa da shi.

Koke na ƙarshe ya wuce kifi ya kai ga ƙasar da masunta suke tsaye a kanta. A gabas, teku tana cin gari. Tun bayan kammala madatsar Akosombo a 1965 yashin da kogin Volta yake kawowa gaɓa ya ragu, kuma duk da katangar duwatsun da aka yi wa Keta, ruwan ya matsa gaba ne kawai. Ƙauyen Fuveme ya tafi, kuma mutanen Agavedzi da Salakope da Amutinu sun sha kwana a fili bayan igiyar ruwa ta rushe musu ɗakuna, har da maƙabarta. A yamma, kogin Pra da Ankobra suna zuba wa teku ruwan laka na galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. A Jamestown da Chorkor masunta suna jawo raga cike da leda da tsummokaran gwanjo. Ana kwasar yashin gaɓa da dare a tifa duk da haramcin da ke kansa, kuma ana sare itatuwan gaɓa a kai kasuwar itace ta Anyanui domin banda, ciki har da bandar kifin da mu muke saye. Mun san ba duk wannan ne yake ƙarƙashin ma'aikatarku ba. Amma masunci bai san bambancin ma'aikatu ba, ku ya sani, kuma idan ba ku ɗauki kukansa kun kai teburin majalisar ministoci ba, babu mai kai shi. A wurare da dama shugabannin gari da matasa ne suke tare motocin yashi da jikinsu, suke dasa itatuwa ba tare da an biya su ba, kuma sau da yawa su ne suke ƙarewa a hannun 'yan sanda bisa zargin tayar da hankali.

Saboda haka, mai girma Minista, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon a rubuta ikon sarakunan masunta da shugabannin mata a cikin ƙa'idojin da za su bi bayan sabuwar doka, a fayyace abin da suke da damar yi: su duba kwale-kwale kafin fita da bayan dawowa, su riƙe kayan haram, su rubuta su a littafi a gaban shaidu, su miƙa su a karɓi sa hannu, ta yadda duk jami'in da ya saki kayan zai bayyana dalilinsa a rubuce. A yi wannan tare da majalisun gundumomi domin dokokin mashigi su samu shiga jaridar gwamnati, su zama abin da kotu za ta karɓa. Kuma tun da iko ba ya tafiya ba tare da hisabi ba, sarkin da aka samu da janareta a nasa kwale-kwalen, kuma akwai irinsu, a hukunta shi fiye da talakansa.

Muna roƙon a kafa hanya guda tabbatacciya ta kai rahoton jirgin da ya ƙetare mil 12, wadda za ta ɓoye sunan mai rahoto, kuma a riƙa dawo wa mashigin da bayani cikin ƙayyadadden lokaci kan abin da aka yi. A riƙa wallafa sunayen jiragen da aka ba lasisi, da ainihin masu cin ribarsu, da laifin da aka kama kowanne da shi, da tarar da aka ci shi, da ko ya biya. A karanta wannan a gidajen rediyon gaɓa da Fante da Nzema da Ga da Dangme da Ewe, a kuma karanta da Hausa domin kasuwanni. Masunci ba zai ajiye fitilarsa ba muddin yana ganin babban jirgi yana biyan tarar da ba ta kai ribar dare ɗaya ba ya koma ruwa. Haka nan muna roƙon a inganta tsaron masu sa ido da ake turawa cikin jirage, kuma albashinsu ya fito ta hanyar da ba za ta sa su zama bayin mai jirgi ba.

Kan rufe teku, muna roƙon a zauna da masana da sarakunan masunta da shugabannin mata a tsayar da tsari na shekaru da dama wanda canjin gwamnati ba zai taɓa shi ba, a sanar da shi tun farkon shekara domin kowa ya yi tanadi. A taimaka wa mashigai su kafa asusun ajiya da za a riƙa zubawa a lokacin kamu a ci a lokacin hutu, a hannun mutanen da jama'a suka zaɓa. A ci gaba da daidaita lokacin da maƙwabtanmu na Kwaddibuwa da Togo, domin amane bai san iyakar ƙasa ba. A kuma ɗaura man firimis da bin doka: kwale-kwalen da aka kama da kayan haram ya rasa rabonsa na wani lokaci, kuma kwamitocin mashigi su fito daga zaɓen masunta, da kujeru tabbatattu ga mata.

Roƙonmu na ƙarshe namu ne na kanmu. A duk tarukan da ake yi kan makomar kifi, ana kiran masunta, ana kiran masu banda, ana kiran masu manyan jirage, amma ba a cika tunawa da waɗanda suke ɗaukar kifin su kai shi kilomita ɗaruruwa cikin ƙasa ba. Mu ne muke tsakanin murhu da tukunya. Idan fataken Techiman da Kumasi da Tamale suka haɗa baki suka ƙi ɗaukar 'ya'yan kifi da kifin guba, kasuwarsa za ta mutu ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba. Amma muna buƙatar a koya mana ma'aunin da doka ta yarda da shi ga kowane irin kifi, a ba mu alamar da za mu gane kifin da aka yi bandarsa a tsaftataccen murhu irin na ahotor, kuma a tabbatar mana cewa wanda ya ƙi saye ba zai tashi a tutar babu ba alhali maƙwabcinsa yana cin riba. Muna da sarakunan zango da limamai da shugabannin tasha waɗanda maganarsu take ratsa kasuwa cikin yini guda, kuma addininmu ya hana ɓarna a tudu da ruwa, don haka huɗubar Juma'a ɗaya a kan wannan batu za ta kai inda takardar sanarwa ba ta kaiwa.

Muna gayyatar ku, ko wakilan da kuka aminta da su, ku zo bakin ruwa da asuba a ranar da ba a shirya muku tarba ba, ku tsaya tare da Konkohemaa lokacin da ake yanke farashi, ku duba abin da ke cikin daro, sannan ku zauna da mu a tashar lodi kafin motocin arewa su tashi. A shirye muke mu kawo sunayen wakilanmu daga kowane zango idan aka sanya rana, kuma muna fatan samun amsarku kafin lokacin amane mai zuwa.

Allah Ya yi muku jagora a kan wannan amana.

Naku cikin girmamawa,
Wani falken kifi, a madadin 'yan uwansa na zangunan bakin teku.